Shekara Talatin Ba Hujja Ba Ce

A Amurka akwai wani aikin hannu da mutane da yawa ke yi a garejin gidajensu ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wato sake cika harsashi. Mutum zai je farauta ko filin gwajin harbi, ya tsince kwanson da ya harba, ya dawo gida ya wanke shi, ya mayar da shi harsashi sabo. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda masa ya yi haka muddin don amfanin kansa ne, sai in zai sayar ne ake neman lasisi. Wasu na yi don ya fi araha, wasu kuma don harsashin da suka auna da hannunsu ya fi na kanti daidaito. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, saboda haka mai karatu kada ya zaci koyar da sana'ar ake yi a nan. Abin da ya ja hankalina shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin tsofaffin masu wannan aiki duk sa'ad da aka ja musu kunne game da ƙa'idojin kariya. Sai ka ji mutum ya ce ai shi shekara talatin yana yi, bai taɓa ganin abin ya fashe ba. Ina ganin wannan magana ta fi jahilci haɗari, domin jahili yakan yi tambaya, shi kuwa mai wannan magana ya riga ya toshe kunnensa.

Kafin a gane ɓarnar maganar, sai an san abin da ake taɓawa. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, albarushin da ke ciki, kan da ke fita ya sami abin da aka nufa, da kuma wata 'yar ƙwaya da ke maƙale a gindin kwanson, wadda ake kira firaima. Ita ce ƙyastun harsashi. Faɗinta bai wuce milimita huɗu zuwa biyar da ɗoriya ba, kamar ƙwayar magani. A cikin ɗan ƙoƙonta akwai sinadari kaɗan da wata 'yar maƙera. Idan aka ja kunamar bindiga, allurar ƙarfe ta daki ƙoƙon, sinadarin ya matsu a jikin maƙerar, sai ya fashe ya aika harshen wuta ta wata 'yar huda zuwa cikin albarushi.

Baƙon wannan aiki albarushi yake tsoro, domin shi ne mai yawa, shi ne kuma sunansa ya yi kaurin suna. Amma albarushin zamani marar hayaƙi, in aka zuba shi a fili aka cinna masa wuta, ci yake yi da sauri, ba ya tashi kamar bam sai an kulle shi a matsattsen wuri. Sinadarin firaima jinsinsa daban ne. An zaɓe shi ne musamman don ya fashe da duka, kuma abin da duka ke tayarwa, guga ma na iya tayar da shi, haka zafi, haka ɗan tartsatsin lantarkin nan da kan cije mutum a yatsa in ya taɓa ƙofar mota da hunturu. Tun asali ma haka tarihinsa yake. A 1800 Edward Howard ya bayyana wani sinadarin zaiba mai fashewa da duka, a 1807 kuma wani limamin coci ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga da irin wannan sinadari maimakon ƙanƙara. A 1866 Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka kowannensu ya fito da nasa tsarin firaima, kuma abin mamaki, na Baturen Ingilan ne ya karɓu a Amurka, domin ya fi sauƙin cirewa a sa sabo. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka koma amfani da wani gishirin dalma mai suna sitifinet, wanda ba ya cinye bakin bindiga da tsatsa, kuma har yau shi ne a cikin mafi yawan firaimar da ake sayarwa. Shekara ɗari biyu ana gyara wannan 'yar ƙwaya, amma ba wanda ya cire mata halinta na fashewa, domin ranar da aka cire shi ta tashi daga aiki.

Haɗarin yana cikin taro

Firaima guda in ta fashe a hannu tana iya ƙona yatsa, ta toshe kunne na ɗan lokaci, ko ta harba ɓurɓushin ƙarfe cikin ido. Wannan ma ya isa abin gudu. Babban bala'in kuwa yana zuwa ne in suna da yawa kuma suna taɓa juna, domin fashewar ɗaya duka ce ga ta kusa da ita, sai duk su tashi kusan a lokaci guda. Shi ya sa kamfanoni irin su CCI da Federal da Winchester ke sayar da su cikin faifan roba mai gurbi ɗari, kowace ƙwaya a ɗakinta, faifai goma a kwali ɗaya. Wannan faifai shi ne shingen da ke hana wutar ɗaya isa ga sauran, kuma an tsara shi ne da gangan. Wanda ya juye faifan nan a kwalbar gilashi don kwalaye sun cika masa kanta, ya haɗa wa kansa gurneti ne da hannunsa, har da tarkacen gilashin da zai watsu.

Ƙungiyar masu ƙera makaman wasanni da harsasai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ba maƙiyiyar bindiga ba ce, cinikin mambobinta ke nan. Ita ce ta yi gwaje-gwaje ta nuna wa 'yan kwana-kwana cewa cikakken harsashi in gobara ta cimma shi ɗaya bayan ɗaya yake fashewa, ba ya tashi gaba ɗaya. Ita ɗin ce kuma ke gargaɗin cewa firaimar da aka fitar daga faifanta aka tara a wuri guda tana iya tashi baki ɗaya. Idan mai sayar da kaya da kansa ya ce maka ga inda kayansa ke kisa, ban ga dalilin da zai sa ka fifita maganar maƙwabcinka a kan tasa ba.

Ƙa'idojin kuwa ba su da wuya ko tsada. A bar firaima a faifanta har lokacin aiki, kuma a buɗe faifai ɗaya kawai. A sa gilashin kare ido tun daga fari har a gama. In ƙwaya ta cije ta ƙi shiga gurbinta, a tsaya a duba dalili, kada a ƙara ƙarfi. In an lura ba ta zauna daidai ba bayan an riga an zuba albarushi an ɗora kai, kada a sake danna ta, domin a lokacin harsashi cikakke ne a hannun mutum. Injinan da ke cika harsashi da yawa suna jera firaima ɗari a cikin siririn bututu, ɗaya a kan ɗaya, wanda shi ne ainihin taron da ake gudu, shi ya sa masu ƙera su ke lulluɓe bututun da garkuwar ƙarfe. Ba a cire garkuwar, ba a zura waya a tura ƙwayar da ta maƙale, kuma ana goge bututun a kai a kai, domin ƙurar sinadarin na taruwa a ciki, ita ma tana fashewa. Wadda ta faɗi ƙasa a neme ta a ɗauke da hannu, kada a bi ta da injin zuƙar shara. Kada kuma a amince da tsohon zancen nan cewa mai ko ruwa na kashe ta, domin takan bushe ta farfaɗo. A ajiye ta nesa da albarushi da wuta, a akwatin katako mai kauri, domin akwatin ƙarfe kullalle in abin ya tashi shi kansa tarkace zai zama.

Abin da shekara talatin ke nunawa

Mu koma ga mai shekara talatin. A ɗauka, don misali kawai, mutum dubu ne ke juye firaima a kwalba, kuma cikin shekara talatin mutum ɗaya ne tasa ta tashi. Sauran ɗari tara da casa'in da tara za su zauna a majalisa su rantse cewa ba komai, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani ke nan. Na cikon dubun shi ne ba ya majalisar, ko yana asibiti, ko ya bar aikin, ko kunya ta hana shi faɗa. Duk haɗarin da ba ya yawan aukuwa haka yake, yana tara shaidun da ke wanke shi, yana kuma kawar da masu tuhumarsa daga wurin zama. Shekara talatin ba tare da fashewa ba tana nuna cewa abin ba kullum yake faruwa ba, kuma dama ba wanda ya ce kullum ne. Ba ta nuna cewa ɗabi'ar tana da kyau. Har ma akwai wani abu da daɗewa ke yi wa mutum: sabon shiga na karanta takardar gargaɗi, yana sa gilashinsa, hannunsa na rawa, shi kuwa tsohon hannu yana aiki yana hira, ga sigari a gefe. Sinadarin ba ya gane fuskar ubangidansa. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma a wannan harka mai garejin ne kazar.

Akwai masu cewa ai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, mutum ne da gidansa da idonsa. Da bakinsa kaɗai zafin ke ƙonawa, da na yi shiru. Amma garejin yana manne da ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, kuma ranar gobara ɗan kwana-kwanan da zai kutsa cikin hayaƙi bai san abin da ke kan kantar ba. Saboda irin waɗannan mutane ne ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta rubuta a kundinta mai lamba 495 cewa kada a ajiye firaima fiye da 10,000 a gidan zama, kada kuma a ɗauki fiye da 25,000 a motar gida. Kundin ba ya zama doka sai inda jiha ko ƙaramar hukuma ta karɓe shi, kuma da wannan giɓi ne masu taurin kai ke fakewa. To amma ko doka ta hau kan mutum ko ba ta hau ba, gobarar da za ta tashi a garejinsa ɗaya ce.

An ga iyakar wannan tunani a 2020. Annobar korona da zaman ɗar-ɗar na siyasa sun sa Amurkawa sun yi rububin sayen bindiga, har hukumar FBI ta gudanar da binciken masu saye kusan miliyan 40 a shekarar. Kamfanin Remington ya karye, masana'antu suka riƙe firaimarsu don harsashin da suke ƙerawa, kantuna suka bushe, farashi ya ninka. Duk wanda ya samu sai ya saya ya jibge, ana ta nuna hotunan tarin kwalaye a Facebook da YouTube ana alfahari. Wasu ma har suka shiga ƙoƙarin sake cika tsohuwar firaima a gida, aikin da a masana'anta ake yin sa da sinadarin a jiƙe, a keɓantattun gine-gine, saboda sanin halinsa. Na yarda ƙarancin na gaske ne, kuma wanda ya saba da abu yana jin zafin rashinsa. Sai dai ƙarancin kaya a kasuwa bai canza komai a halin sinadarin ba, adadin da ke cikin gida kawai ya ƙaru. Ingila ta bi wata hanya tun 2006, inda ta sa doka cewa ba a sayar wa mutum firaimar harsashin kwanson ƙarfe sai ya nuna takardar izinin mallakar bindiga. Masu wannan aiki a Amurka da ke ƙin irin wannan doka su ne ya fi kamata su tsananta wa junansu, domin kowace gobarar gareji hujja ce da suke miƙa wa masu son a ɗaure musu hannu.

Gubar da ba ta ƙara

Akwai kuma ɓarnar da mai shekara talatin ba zai taɓa ji ba, domin ba ta da ƙara. Firaimar da aka harba tana barin ƙurar dalma a cikin kwanso. Ƙurar na fita lokacin da ake cire tsohuwar ƙwaya, tana kuma taruwa a injin da ke goge kwanso, daga nan ta hau hannu da riga da takalmi, ta bi mutum har teburin cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma a 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta rage ma'aunin da take ɗauka abin damuwa a jinin yara daga maikirogiram 5 zuwa 3.5. Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Girman abin ba ɗaya ba ne, nesa ba kusa ba, amma hanyar ɗaya ce: magidanci ya shigo da aikinsa cikin gida, ƙurar ta sauka a ƙasa, mai rarrafe ya kai hannu baki. Uban da ke cewa bai taɓa ganin komai ba, a tambaye shi ko ya taɓa kai ɗansa a auna jininsa.

Ba na kira a hana kowa sana'arsa inda doka ta halatta. Firaimar da ke cikin faifanta, a wuri mai sanyi, a hannun mai bin ƙa'ida, tana iya shekaru ba ta cuci kowa ba. Abin da nake nema shi ne a daina karɓar daɗewa a matsayin amsa. Idan sabon shiga ya tambayi dalilin sa gilashi, tsohon hannu na ƙwarai zai nuna masa yadda ƙwaya ɗari ke tashi a bututu, ya kuma sa nasa gilashin a gabansa. Wanda kuwa ya amsa masa da lissafin shekarunsa, to sabon shigan ya tattara kwansonsa ya nemi wani malami.