Sharhi: Halin Da Sojan Da Ya Ji Rauni Yake Shiga Kafin Asibiti Da Bayan Sallama

A ranar 18 ga Nuwamba, 2018, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun kai hari sansanin soja na Metele a arewacin Jihar Borno. Rundunar Sojan Ƙasa ta bayyana cewa sojoji 23 sun rasu, 31 kuma sun ji rauni, ko da yake kafofin labarai sun ba da adadin mamatan da ya zarce haka. An daɗe ana ja-in-ja a kan yawan waɗanda suka rasu, amma ba a cika tambayar abin da ya sami masu raunin ba, alhali su ne har yanzu ake iya yi wa wani abu.

Masana aikin likitancin soja sun yi ittifaƙi cewa babban abin da ke kashe sojan da da an iya ceto shi ne zubar jini. Wani bincike da likitocin sojan Amurka suka wallafa a 2012 a kan dakarunsu 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011 ya gano cewa kusan tara cikin goma sun cika ne tun kafin a isa da su asibiti. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan suna da raunin da ake iya warkarwa, kuma akasarinsu jini ne ya ƙare musu. Tun a 2009 Sakataren Tsaron ƙasar, Robert Gates, ya ba da umarnin a riƙa kai mai mummunan rauni wurin tiyata cikin awa ɗaya.

Wannan awa ɗayar tana da wuyar samu a yankin Tafkin Chadi. Daga sansanonin bakin iyaka zuwa asibitin Runduna ta 7 da ke barikin Maimalari a Maiduguri tafiyar sa'o'i ce a mota, a kan hanyoyin da ake binne wa bama-bamai, kuma damina kan ƙara lalata su. Idan babu jirgi mai saukar ungulu a kusa, ran mai rauni yana hannun abokinsa na rami ne da ɗamarar tsai da jini da ke aljihunsa. Ita kanta ɗamarar tana da iyaka: in ta wuce awa biyu a ɗaure tsoka takan fara lalacewa, jinkiri mai tsawo kuma yakan kai ga yanke ƙafa ko hannu. Saboda haka a ganinmu, horar da kowane kurtu a kan taimakon farko da ajiye jini kusa da fagen fama ba su gaza sabon ginin asibiti muhimmanci ba, sai dai ba su da ƙyallin da ake yanka zare a kansa.

Waɗanda rauninsu ya yi tsanani akan wuce da su Babban Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna, wanda Yarima Harry na Birtaniya ya ziyarta a Mayun 2024, bayan Nijeriya ta fara shiga wasannin Invictus na sojoji masu rauni a Jamus a 2023.

To, amma sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba, kuma nan ne batun ya shafi ƙananan hukumomi da masu unguwanni kai tsaye, domin da yawa daga cikin ƙananan sojoji 'ya'yan karkara ne, gida kuma suke komawa. Ƙafar roba takan lalace, tana bukatar gyara da sauyi bayan 'yan shekaru. Akwai kuma raunin da ido ba ya gani: rashin barci, firgita da ƙarar babur ko ƙofa, da saurin fushi da iyali. Sau da yawa akan ce taɓin iska ne, alhali cuta ce da likitocin ƙwaƙwalwa ke magancewa, kuma neman magani bai hana addu'a ba.

Kowace shekara ana sayar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya gabanin 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ya dace shugabannin ƙananan hukumomi su haɗa kai da Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta yankinsu, a rubuta sunayen masu rauni gunduma-gunduma, a san wanda ke bukatar keken guragu da wanda ba ya iya tafiya tantancewar fansho sai an kai shi. Dagatai da masu unguwanni su ne suka fi kowa sanin gidajen, don haka da su ya kamata a fara rajistar.