Laftof Mai Shafawa: Wa Ya Dace Ya Biya Ƙarin Kuɗin?

 Sharhin namu na yau ya leƙa shagunan sayar da kwamfuta ne.

Duk wanda ya je sayen laftof a titin Beirut da ke Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ya san yadda cinikin ke tafiya. Mai shago zai buɗe kwamfuta biyu a kan kanta, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Sai ya ɗora yatsa a gilashin ɗayar, ya ja hoto, ya ware yatsu biyu hoton ya girma, sannan ya dubi mai saye ya ce, “Alhaji, wannan ai taci ce, kamar waya.” Kuɗinta kuma ya ɗara na 'yar'uwarta. Daga nan mai saye ya manta da tambayar batir, ya manta da tambayar ƙarfin injin, hankalinsa ya koma kan gilashi.

Ba laifinsa ba ne. Tun da iPhone ta fito a 2007 hannun mutane ya saba da shafa gilashi, har yaron da bai iya magana ba ya iya jan hoto. Kamfanin Microsoft ya ga haka, shi ya sa a watan Oktoba na 2012 ya fito da Windows 8, wadda aka gina fuskarta da manyan akwatuna masu launi domin yatsa, aka kuma cire maɓallin Start da ma'aikatan ofis suka saba da shi tun 1995. Jama'a suka yi ca. Bayan shekara guda aka dawo da maɓallin, a 2015 kuma Windows 10 ta dawo da jerin da ke ƙarƙashinsa. Wato masu aiki da madannai da linzami ne suka yi rinjaye.

Apple kuwa tun farko ya ƙi bin wannan hanya. A 2010 shugabansa Steve Jobs ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce sun gwada, sun ga allon da ke tsaye bai dace da shafawa ba, domin hannu yana gajiya cikin ɗan lokaci. Fiye da shekara goma bayan wannan magana babu MacBook mai allon shafawa a kasuwa. Ɗan siririn layin shafawa da kamfanin ya sa a saman madannai a 2016, mai suna Touch Bar, shi ma an fara cire shi a 2021, aka ƙarasa sallamarsa a 2023.

Maganar gajiyar hannu ba sai an je ɗakin bincike ba. Waya tana kwance ne a tafin hannu, babban yatsa kaɗai ke motsi. Allon laftof kuwa yana tsaye a gaban mutum, sai ya ɗaga hannu daga madannai, ya miƙa shi a iska, ya taɓa, allon ya ɗan yi rawa a kan maƙalarsa, sannan ya dawo. Akawun da ke cika Excel ba zai jure wannan ba har azahar. Ɗalibin da ke buga furojet ma haka, balle mai shirin JAMB, wadda tun 2015 ake yi a kwamfuta, kuma da madannai ko linzami ake amsa tambayoyinta. Sati biyu na ɗoki ya wuce, yawancin masu irin wannan aiki sun daina taɓa gilashin, sai in za su goge shi.

To amma kuɗin da aka biya a shago ba shi ne ƙarshen biya ba. Allon shafawa yana da ƙarin shimfiɗa mai jin 'yar wutar da ke jikin yatsa, da gilashi a samanta. Gilashin nan yawanci mai sheƙi ne, don haka wanda ya zauna da shi a baranda ko kusa da taga da rana, fuskarsa zai riƙa gani maimakon rubutu, sai ya ƙara haske, hasken kuma ya ci batir. Ga shatin yatsu. In hunturu ya shigo, ƙura ta hau kan maiƙon hannu, gilashin ya koma kamar na motar da ta biyo hanyar ƙauye.

Batun batir yana da ɗan sarƙaƙiya, kuma ya kamata a yi wa shafawar adalci. Ita kanta ba ta cin wuta sosai. Matsalar ita ce kamfanoni sukan haɗa ta da allo mai tsananin kaifin hoto. Misali, XPS 13 da Dell ya fitar a 2015 ta zo iri biyu: marar shafawa mai ɗigo 1920 sau 1080, da mai shafawa mai ɗigo 3200 sau 1800. Masu gwaji sun tarar ta farkon ta fi riƙe caji da awanni. A garin da ake iya wuni ba a ga wutar NEPA ba, awa biyu na batir ba abin wasa ba ne.

Sai ranar tsautsayi. Allon laftof na gama-gari in ya fashe, mai gyara zai kwance 'yan kusoshi, ya zare shi, ya sa wani, galibi a ranar. Mai shafawa kuwa sau da yawa gilashin da allon a manne suke, dole a canza su tare, wani lokacin har da murfin gaba ɗaya, kuma ba kowane shago ke da shi ba, sai an yi oda daga Legas ko waje. Akwai kuma cutar da masu gyara suka sani sarai: gilashin ya ɗan tsage a gefe, ko a jona caja marar kyau, sai kwamfuta ta riƙa danna kanta, tana buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba. Maganin da aka fi yi shi ne a shiga Device Manager a kashe shafawar baki ɗaya. An biya kuɗi an saya, an sake biyan kuɗi an kashe.

Duk da haka akwai waɗanda wannan allo ya yi musu rana, kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Sirrin yana ga maƙalar. Tun da Lenovo ya fito da Yoga a 2012, wadda ake lanƙwasa allonta har ya koma bayan madannai, sai su Spectre x360 ta HP suka biyo baya, matsalar Jobs ta samu mafita: allon ya kwanta a tebur kamar littafi. A sa masa alƙalami, sai ya zama wani abu daban. Malamin lissafi da ke koyarwa ta Zoom zai warware lissafi da hannunsa ɗalibai suna kallo. Injiniya zai yi gyara a kan zanen gini yana tsaye a wurin aiki. Mai zanen ɗinki zai fitar da aikin wuyan riga. Malamin jami'a zai yi wa furojet jan biro ba tare da an buga shafi ɗari ba. Mai rubuta Larabci ko Ajami da hannu, da wasullansa da ɗige-ɗigensa, ya huta da neman haruffa a madannai. Ga irin waɗannan, ƙarin kuɗin ya halatta.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Ba kowane allon shafawa ne ke karɓar alƙalami mai jin nauyin hannu ba, kuma alƙalamin wani kamfani ba lallai ya yi aiki a kwamfutar wani ba. Na hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka kuma yawanci ba sa zuwa da alƙalaminsu.

Wanda aikinsa bugu ne da karatu da kallo, ya fi masa ya karkata kuɗin zuwa RAM gigabayit 16 maimakon 8, da SSD, da batir mai rai. Ya kuma tambayi shekarun injin, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance kusan sai Intel na ƙarni na 8 zuwa sama take karɓa. Tsofaffin laftof masu shafawa na ƙarni na 6 da na 7 suna nan birjik a kasuwa, gilashinsu yana ta sheƙi. Wanda kuma ya ƙudurta sai mai shafawar, kafin ya ƙirga kuɗi ya buɗe Paint ya ja layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ko'ina layin ya yanke to wurin ya mutu. Sannan ya leƙa shagon mai gyara na kusa ya ji nawa ake canza allon wannan samfurin, da kwana nawa ake jira kafin ya iso.