Raba Gwani Da Ɗan Koyo A Teburin Caca: Wa Ake Yi Wa Gata?

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe a Agege ko a Sabon Ibadan ya san ba a haɗa ƙato da yaro. Jama'a ba za su yarda ba, makaɗa ma za su ajiye kalangu. Da irin wannan hujja ce waɗansu kamfanonin caca na intanet suka fito da wata dabara a wasan kartar nan da Turawa ke kira poka, watau a ware gwanaye a teburinsu, 'yan koyo kuma a nasu. Maganar tana da daɗin ji. Amma tun da yake wasan ya shiga wayar samarin Arewa masu nema a Kudu, ya kamata a dube ta da kyau kafin a yi mata tafi.

Poka ta bambanta da yawancin caca. A cikinta mutum ba da kamfani yake karawa ba, da 'yan'uwansa 'yan wasa yake yi. Kamfani shi ne mai gida, ya ba da tebur, ya raba karta, sa'an nan ya cire la'adarsa daga kuɗin da aka tara a tsakiya, galibi abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Akwai sa'a a ciki, amma in aka daɗe ana yi, wanda ya fi iya lissafi da karanta halin mutane shi ne ke kwashe kuɗin.

Kasuwar wannan wasa ta buɗe sosai a shekarar 2003, sa'ad da wani akawu ɗan Amurka, Chris Moneymaker, wanda ya sami shiga babbar gasar Las Vegas ta hanyar wasan intanet, ya kayar da mutum 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Nan da nan dubban mutane suka ce su ma za su iya. Gwanaye kuwa suka gyara zama. Suka laƙaba wa ɗan koyo suna "kifi". Suka sami manhajar kwamfuta mai tattara tarihin kowane ɗan wasa, ta nuna musu a jikin allo sau nawa yake shiga, sau nawa yake janyewa in an matsa masa. Mutum ɗaya yakan zauna a tebur goma ko ashirin a lokaci guda, ba abin da yake jira sai kifi ya faɗo. Baƙo ya zuba kuɗi da magariba, kafin asuba an yashe shi, ba ya kuma dawowa.

Wannan rashin dawowar shi ne ya tayar wa kamfanoni hankali. A ƙarshen 2011 kamfanin Bodog ya cire sunayen 'yan wasa daga tebur, ya bar lamba kawai, don kada a gane wanda za a bi. A farkon 2013 masu wasa a PartyPoker suka lura cewa jerin teburan da wannan yake gani dabam ne da na wancan, ashe an ɓoye wa masu yawan ci teburan masu rauni. Sai da aka yi ta surutu kamfanin ya amsa cewa gwaji yake yi. A 2015 Full Tilt ya hana mutum zaɓar teburin da zai zauna, a 2019 kuma PartyPoker ya haramta manhajar nan mai leƙen asiri.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ce mutum shida sun zauna, kowa da Naira 10,000, jimla Naira 60,000 ke nan. In akwai gwani guda a cikinsu, mai yiwuwa cikin zagaye ɗari ya tattare kuɗin sauran, ya cire abinsa ya tafi. In ana tara Naira 2,000 a kowane zagaye, la'adar mai gida Naira 100 ce, watau duk abin da ya samu bai wuce Naira 10,000 ba. Amma in duka shidan ƙarfinsu ɗaya ne, kuɗin zai yi ta yawo, yanzu yana hannun wannan, an jima yana hannun wancan, kowane juyi kuma ana gutsurar Naira 100. Bayan zagaye ɗari shida, lissafi ya nuna an gutsure Naira 60,000 kaf. Teburin intanet kuwa yana raba karta fiye da sau sittin a awa guda. Ko da yake ba a kowane zagaye ake cire la'ada ba, abin da ake magana a kai 'yan kwanaki ne. Ashe ɗan koyo bai tsira da kuɗinsa ba, mai karɓa kawai aka sauya, aka kuma ja masa lokaci yadda ba zai ji zafin yankan ba.

Nan ne misalin dambe ya gaza. Ɗan dambe yana samun abinsa daga kuɗin ƙofa da kyautar masu kallo, ba daga aljihun wanda ya kayar ba. Kuma haɗin a fili ake yinsa, kowa na gani, wanda bai yarda da abokin karawarsa ba ya ce bai yarda ba. A intanet kuwa kwamfutar kamfani ce ke auna kowa, ba wanda ya san mudun da ta yi awo da shi. Yaron da sa'a ta faɗa masa mako guda ana iya lissafa shi cikin gwanaye. Gwani na gaske kuma ya buɗe sabon asusu da sunan ƙanensa, ya koma cikin 'yan koyo yana kiwo.

Akwai kuma teburin sababbin shiga, wanda kamfanoni da dama ke bai wa mutum na 'yan makonni. Wannan ya fi kowanne haɗari. Saurayi ya yi wata guda yana cin waɗanda ba su fi shi sani ba, ya ɗauka ya zama gwani, ya ƙara yawan kuɗin da yake zubawa. Ranar da wa'adi ya cika aka buɗe masa ƙofar babban fili, da wannan ƙarfin zuciyar zai shiga, da kuɗin da ya tara na sayen babur, ko wanda ya kamata ya aika Gusau ko Azare a sayi taki.

Ba a ce dabarar ba ta da amfani ko kaɗan ba. Lalle farautar mai rauni da na'ura zalunci ne, hana ta kuma daidai ne. Kukan da gwanaye suka yi a 2013, cewa an tauye musu hakki, bai kamata ya sa kowa hawaye ba, don kuwa abin da suka rasa damar yashe baƙo ce. Sai dai suna da gaskiya a wuri guda: wanda ya zuba kuɗinsa ya cancanci a gaya masa ƙa'idar da ake bi. Hukuncin caca a wurin malamai kuwa sananne ne, raba tebur bai canja shi ba, ko da an raba shi gida goma.

A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca na jihohi ne, ba na Gwamnatin Tarayya ba. Saboda haka nauyin yana kan hukumomi irin ta Jihar Legas masu ba da lasisi. Abin da ya kamata su tilasta bai da wuya. Kamfanin da ke raba 'yan wasa ya faɗa a fili, ya faɗi ma'aunin da yake bi. Kuma a ƙarshen kowane wata ya aika wa ɗan wasa lissafi cikin Naira: ga abin da ya zuba, ga abin da ya cire, ga kuma abin da mai gida ya ɗauka da sunan la'ada. Shugabannin al'ummar Hausawa a Agege da Idi-Araba da Shagamu suna da bakin da za su kai wannan magana gaban hukuma, su ne kuma ake zuwa wurinsu neman kuɗin mota in yaro ya wayi gari ba ko sisi.