Ranar da aka tambaye mu wane magani Kawu ke sha

Makonni biyu ba ku ji ni ba, wasu har sun bugo waya suna tambaya ko na bi mota Lome ne. Ban je ko'ina ba, ina nan Wagadugu, a kan bencin asibiti na yi kwanakin.

Kawuna, wanda da yawanku kuka sani da harkar goro, ya dawo gida nan Kamsaoghin bayan La'asar, ya zauna zai ci abinci, sai ya kama kansa da hannu biyu ya ce kamar an sara masa gatari a ƙeya. Ya yi amai, wuyansa ya sanƙare. Nan da nan shawara ta rabu: wani ya ce a kira malam a yi tofi, wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Ƙaramar 'yarsa ce, mai karatun aikin jinya, ta buga 18 ta kira 'yan kwana-kwana ba tare da ta nemi izinin kowa ba. A lokacin wasu sun ga rashin kunyarta. Yanzu babu mai tayar da maganar.

Hoton sikana ya nuna jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa. Aka sake wani hoton bayan an saka masa ruwan da ke haska jijiyoyi, sai ga tushen abin: bangon wata jijiyar jini ya yi rauni, ya kumbura kamar ƙurji, ya fashe. Likitoci na ce masa anebirizim. Babban tsoronsu kar ya sake fashewa, kuma haɗarin ya fi yawa a awa 24 na farko.

Da ina zaton aikin kai aikin mutum ɗaya ne, babban likita da wuƙarsa. Da na zauna ina ƙirga waɗanda suka sa hannu a kan Kawu, sai da yatsuna suka ƙare. Likitan gaggawa, mai ɗaukar hoto, likitan da ke karanta hoton, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa, likitan sa barci, malaman jinya na ɗakin fiɗa, masu gwajin jini, mai dafa kayan aiki, har da mai tura gado. Na tuna yadda kakanninmu ke ba da labarin ayarin Gwanja: madugu ake ambata, amma in jagaba ya ɓata hanya, sunan madugu ba ya kai kowa zango.

Hanya biyu ake toshe irin wannan kumburin. Ko a buɗe ƙoƙon kai a ɗaure wuyansa da ɗan ƙaramin matsi na ƙarfe, aikin da wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya fara a 1937. Ko kuma a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a bi da shi har cikin kai ana kallo a allo, a cusa zaren ƙarfen filatinom a cikin kumburin jini ya daskare a wurin. Wannan sai wajen 1990 aka fara shi. Ba mutum ɗaya ke zaɓa ba. Zama suke yi a kan hoton, su duba siffar kumburin da wurinsa da shekarun majiyyaci da kayan da ke hannu. Na Kawu suka tsaya a kan buɗewa.

To a nan ne muka kusa ɓata musu aiki. Likitan sa barci, wata mata mai magana a hankali, ta fito ta same mu, maza bakwai a tsaye, ni ke fassara. Ta tambaya ƙarfe nawa ciwon ya fara, yaushe ya ci abinci na ƙarshe, wane magani yake sha. Muka kalli juna. Ɗaya ya ce lafiyarsa ƙalau, ba ya shan komai. Inna, matarsa, tana zaune can gefe a kan tabarma, ba wanda ya yi tunanin kiranta. Da ta ji abin da ake tambaya sai ta kira ni, ta ce, "Ɗana, zo ka kai mata wannan." Baƙar leda ce. A ciki akwai maganin hawan jini da ya daina sha tun watanni, da asfirin da yake haɗiya kullum safe saboda wani abokinsa a kasuwar Rood Woko ya ce yana tsinka jini. Asfirin kuwa yana rage daskarewar jini na kwanaki, kuma wanda za a buɗe wa kai dole a san haka kafin a taɓa shi. Likitar ta koma ciki da ledar, suka sake shiri, aka ƙara yawan jinin da za a tanada. Samarin zango suka hau babura suka je suka bayar, Allah Ya saka musu.

Sai maganar sa hannu. Babban wan Kawu yana Kumasi, wayarsa ba ta shiga, aka ce ba za a yanke ba sai da shi. Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ban ƙi ba. Amma mutum goma sun shirya a ciki, mu kuma muna waje muna neman layin Gana. Kusan awa biyu muka ci a haka kafin babban ɗansa ya yi ƙarfin hali ya sa hannu. Da Alhajin Kumasi ya samu labari, faɗa ya yi mana a kan jiran.

An yi aiki, an fito, muka ce shi ke nan. Ashe ba shi ke nan ba. Daga wajen kwana na 4 zuwa na 14, jijiyoyin da jini ya taɓa kan tsuke, jini ya kasa isa wani ɓangaren ƙwaƙwalwa, mutum ya shanye bayan an riga an yi masa barka. Shi ya sa ake ba da wani magani, nimodifin, kowace awa 4 har kwana 21, dare da rana. Wannan aikin malaman jinya ne, waɗanda muke yi wa tsawa in sun hana mu shiga da kwanon tuwo. Su ke tashinsa cikin dare su ce ya faɗi sunansa, ya ɗaga hannu, ya matse yatsa. A dare na shida wata daga cikinsu ta lura hannunsa na dama ya yi nauyi, ta tashi likita kafin Asuba, aka gyara masa ruwa da ƙarfin jini, zuwa hantsi hannun ya dawo. Ban ma san sunanta ba.

Kawu yana gida yanzu. Mai gashin jiki na zuwa sau uku a mako, yana tafiya da sanda, har ya fara tambayar farashin goro. Ni kuma da na dawo na sami takarda na rubuta magungunan da nake sha, da lambar wanda zai sa hannu in na faɗi a hanya, na ninke na sa a bayan katin shaidata. Kwafi ɗaya na ba uwargida. Ta karanta, ta ce na manta da maganin basir ɗin da nake saye a tasha.