Takarda a Akwati, Aiki a Hannun Baƙi



Duk wanda ya leƙa wuraren gine-gine a Abuja ko Kaduna zai ga abin da ya kamata ya dame mu. Sau da yawa masu shimfiɗa tayil da masu ƙawata silin daga Togo ko Jamhuriyar Benin ake ɗauko su, alhali 'ya'yanmu suna zaune a gida da difloma da digiri a cikin akwati.

Mun sani akwai inda ake hana yaranmu aiki saboda sunan da suke amsawa. Amma ɗan kwangilar da ke neman gwanin tayil ko walda, aikin hannun mutum yake dubawa. Ƙwararre ba ya ɓarnar siminti, ba ya lalata inji, ba ya sa a rushe a sake. Nan ribar mai aiki take, kuma kuɗin da aka biya ɗan gida a kasuwarmu zai kashe shi.

Gwamnati ta daɗe da gane haka. A 1971 ta kafa asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedkwata a Jos, inda kamfanonin da doka ta shafa ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara. ITF ce ta ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki kafin su gama karatu. A 1977 kuma aka kafa hukumar NBTE a Kaduna don kula da kwalejojin fasaha.

To, mu fa? Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su rubuta sunayen membobinsu masu gareji, shagon kafinta, ɗinki ko gyaran wuta, a haɗa su da matasan da ba su da aiki, da yarjejeniya a rubuce. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su taimaka da kuɗin kayan aiki da na jarrabawar NABTEB, don gwaninta ta samu shaida.

Iyaye kuma mu daina raina yaron da ya zaɓi sana'a. Manzo Bulus, da duk iliminsa, ɗinkin tanti ya yi ya ciyar da kansa. Karatu da sana'a ba kishiyoyi ba ne.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.