Faɗakarwar Ranar Awo: An Ji, Amma An Gane?

Kowace ranar awo, kafin a fara kiran kati, malamar asibiti takan tsaya gaban mata ta yi bayani a kan abinci, gidan sauro, maganin ƙarin jini da alamomin haɗari. In ta gama, sai a rubuta a rajista cewa an faɗakar da mata kaza. A ganina wannan lissafi bai isa ya nuna aiki ya yi kyau ba.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mata 67 cikin 100 sun yi awo wurin ƙwararru, amma 39 kacal cikin 100 na haihuwa aka yi a asibiti. Kuɗi da nisa suna cikin dalilai. Sai dai akwai matan da suka ji bayani bai zauna musu ba, akwai kuma waɗanda suka gane amma maganar ba ta kai ga maigida ko uwar miji ba, alhali su ke yanke shawara idan naƙuda ta tashi da tsakar dare.

Saboda haka abin da ya kamata a riƙa aunawa shi ne: mata nawa ne za su iya faɗin alamomin haɗari da bakinsu, wato zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi da raguwar motsin ɗa? Nawa ne suka sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau uku? Nawa ne suka cika zuwa takwas da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016? Gidaje nawa ne suka tanadi mota da kuɗi tun kafin watan haihuwa?

Ke ma, 'yar'uwa, kina da rawar takawa. Idan malama ta ce ki maimaita abin da kika ji, ba jarrabawa ba ce. Bayaninta take gwadawa. In ba ki gane ba, ki faɗa. In kin daina shan ƙwayar ƙarin jini don tana tayar miki da zuciya, kada ki ce kina sha. Amsar kunya tana sa a rubuta nasarar da babu, kuma a ci gaba da koyarwa yadda ba ta amfanar kowa.

Maigida, kai ma ka tambaye ta yau: me aka ce a awo? Amfanin ilimi aiki da shi. Allah ya raba lafiya.