RA'AYINMU: Gumin Ɗan Ƙwadago Amana Ne

Da zarar an kammala girbin gero da dawa, an zuba amfani a rumbu, sai tashoshin mota na Bichi da Dambatta da Tsanyawa su cika da samari masu tafiya cin rani. Gonakin gado sun tsuke saboda yawan rabo, abin da aka noma ba ya kai iyali ga wata damina. A da dako da ga-ruwa da aikin gini suke nufa. Yanzu an sami ƙarin wata ƙofa, wato ɗaukar kaya a ɗakunan ajiya da kai saƙo bisa babur ga masu sayayya ta intanet, irin cinikin da kamfanin Jumia ya fara a Legas a 2012.

Wajibi ne mu san abin da ke bayan wannan ƙofa, kuma darasin yana wajen Amazon, babban kamfanin Amurka da ya yi fice a wannan fage. A Janairun 2024 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta sanar da cin tararsa Yuro miliyan 32, saboda na'urorin da ke hannun ma'aikata suna ƙidaya musu har ɗan tsayawar da suka yi. A Saudiyya kuwa, ƙungiyar Amnesty ta fallasa a 2023 cewa 'yan ci-rani daga Nefal sun biya dillalai kuɗi masu yawa bisa zaton kamfanin ne zai ɗauke su kai tsaye, ashe 'yan kwangila aka miƙa su, aka tauye musu albashi, aka cusa su a ƙazaman masaukai. Sai a Fabrairun 2024 kamfanin ya ce ya mayar wa ma'aikata fiye da 700 Dala miliyan 1.9.

Abin lura shi ne, zaluncin a hannun ɗan tsakiya yake ɓuya. Mai dukiya ya ce ba shi ya ɗauki lebura ba, dillali ya ce shi ma ɗan aike ne. To wa zai amsa tambaya ranar hisabi? Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa a san aikin, a san ladan, tun kafin a fara. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku.

Saboda haka muna kira ga iyaye: kada ku sayar da akuya ko ku jinginar da gona don biyan dillalin aiki alhali ba ku ga takarda ba. Samari kuma su tambayi wane ne ubangidansu na haƙiƙa, nawa ne lada, kuma wa zai ɗauki nauyin magani idan babur ya kayar da su.

Mu ma kada mu tsame kanmu. Duk wanda ya sa 'yan ƙwadago noma a gonarsa, sannan ya ce su dawo ranar kasuwa alhali kuɗin na aljihunsa, to ya aikata irin abin da muke zargin manyan kamfanoni da shi. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, amin.